Ƙasusuwan Gadufawa: Su Wa Suka Tono, Wa Ya Amfana?

Ranar da na fara ganin ƙwarangwal ɗin dainoso da idona, ba a Agadas na gan shi ba, a Yamai ne. Ina ɗan makaranta kawuna ya kai ni gidan tarihi na Boubou Hama, muka tsaya gaban wata halitta da ta fi raƙumi girma nesa ba kusa ba, ga jerin ƙasusuwa tsaye a gadon bayanta kamar shinge. Da na karanta allon da ke gefe sai na ga ashe 'yar jiharmu ce, daga Gadufawa aka tono ta. Can gaba muka tarar da busasshiyar itaciyar Tenere, wadda mota ta buge a 1973 aka kwaso ta zuwa babban birni. Kawu ya yi dariya, ya ce: "Ka gani ko, ɗana? Mu kayanmu sai mun biya kuɗin mota kafin mu gan su."

Maganar nan ba ta bar ni ba, ita ta sa na bi diddigin tarihin masu tonon ƙasusuwan nan.

Makiyayan Abzinawa su suka fara sanin su. Sun daɗe suna ganin ƙasusuwa shimfiɗe a gindin dutsen Tigidit da wajejen Ingal, suna danganta su da wata dabbar almara da suke kira Jobar. A cikin gari kuwa, muna yara, cewa ake yi na Samudawa ne. Turawa daga baya suka zo. A shekarun 1950 wani limamin coci Bafaranshe, masanin duwatsu, Albert-Félix de Lapparent, ya zagaya yankin yana tattara su. Sannan masu neman yuraniyom na Faransa suka ci karo da filin Gadufawa, kudu maso gabashin Agadas, inda ƙashi yake warwatse a kan rairayi. Aka turo wani matashi daga gidan tarihin halittu na Paris, Philippe Taquet, ya soma aiki a can a tsakiyar shekarun 1960. A 1966 shi da France de Broin suka raɗa wa wani ƙaton kada suna Sarcosuchus imperator. A 1976 ya bayyana Ouranosaurus nigeriensis, wato wanda na gani a Yamai.

Zango na biyu na ayarin Jami'ar Chicago ne ta Amurka, ƙarƙashin Paul Sereno, malami mai binciken yadda halittu suke sauyawa a tsawon zamani. A 1993 suka yi aiki a In Abaka suka samo Afrovenator, mai cin nama. A 1997 suka shiga Gadufawa, daga nan aka samu Suchomimus mai dogon baki irin na kada, aka bayyana shi a 1998. A 1999 aka bayyana Nigersaurus taqueti, don girmama Taquet, da kuma Jobaria tiguidensis, wanda sunansa ya haɗa Jobar na Abzinawa da dutsen Tigidit.

Masu ganin ayarin motocinsu a Agadas suna zaton yawon shaƙatawa ne. Aikin kuwa ba na rago ba ne. Malami ɗaya ne da ɗaliban digiri na uku, da masu gyaran ƙashi, da mai ɗaukar hoto, da direbobi da 'yan jagora na ƙasa, su yi wata da watanni a daji, ruwan sha ma da awo. Da sassafe a watsu ana tafiya a ƙasa, ido na kallon rairayi. In an ga ƙashi, a durƙusa da basilla da burushi ana share shi sannu a hankali, a zana taswirar yadda kowane yake kwance, a ba shi lamba. Sai a jiƙa buhun algarara cikin filasta, irin ta ɗorin karaya a asibiti, a naɗe dutsen da ƙashin gaba ɗaya, a taru a cicciɓa shi zuwa mota. Wannan duk somin-taɓi ne. A ɗakin bincike a Chicago mutum zai shekara yana raba dutse da ƙashi da 'yar na'ura kamar ta likitan haƙori, kafin a auna, a kwatanta da na wasu ƙasashe, a zana bishiyar dangantaka, a rubuta, wasu masana su tankaɗe su rairaye.

Me suke nema da wannan wahala? Ga misali. Kada Sarcosuchus yana da ɗan'uwa na kusa a Barazil, abin da ke ƙarfafa bayanin cewa Afirka da Kudancin Amurka a dā a manne suke. Suchomimus kuma ya fi kusanci da Baryonyx na Ingila a kan Spinosaurus na Masar, wato akwai lokacin da dabbobi ke ƙetarowa tsakanin Turai da Afirka. Nigersaurus, wanda ya rayu kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce, bakinsa mai faɗi ne, haƙoransa sun kai 500, yana kiwo kansa a sunkuye kamar saniya, kowane haƙori yana sauyuwa cikin kusan mako biyu. Kuma in sun yi kure, wasu su gyara musu: da farko an ce Jobaria ya kai shekaru miliyan 135, a 2009 wasu masana suka sake duba duwatsun suka ce ya haura miliyan 160.

A shekarar 2000 suna neman dainoso sai suka faɗa kan mutane. A Gobero, mai ɗaukar hotonsu ya hango ƙasusuwan bil'adama a kan tudun rairayi. Da aka koma aka yi tono a 2005 da 2006, sai ga maƙabarta mai kabari kusan 200 a bakin wani tsohon tafki, lokacin da Tenere ke kore shar, da dorina da kada da giwan ruwa. Al'umma biyu suka zauna a wurin, ta farko tun kimanin shekaru 9,700 da suka wuce. A wani kabari an tarar da mace da yara biyu rungume da juna. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya tsayar da aikin.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ɗaliban da suka durƙusa a Gadufawa, irin su Jeffrey Wilson da Hans Larsson, yau manyan malamai ne, ɗaya a Jami'ar Michigan, ɗaya a McGill ta Kanada, suna yaye nasu ɗaliban. Rairayinmu ne ya yi musu tsani. Ba na ƙyashi, guminsu suka ci. Kuma akwai 'yan Nijar, kamar Oumarou Idé da Abdoulaye Maga, da sunansu ya fito cikin rubuce-rubucen. Amma a ayarin nan, ɗan Agadas galibi direba ne, ko ɗan jagora, ko mai gadi. Shi ya san hanyar ƙashin, wani ya san karatunsa.

Sereno kansa yana cewa kayan nan dukiyar Nijar ce, za a maido su, ya kuma kafa gidauniyar NigerHeritage da nufin gina gidan tarihi ɗaya a Yamai, ɗaya a Agadas. A 2022 kaɗai ayarinsa ya tono kusan tan 55. Ina fatan Allah ya nuna mana dawowarsu. Sai dai ko an sauke su gobe a ƙofar Sarkin Abzin, idan babu yaranmu da suka iya gyara su, su karanta su, su yi gardama a kansu, kaya kawai muka karɓa, ilimin yana can.

Tun 2014 muna da jami'a a Agadas. Abin da ya kamata hukumomi su nema a duk takardar izinin tono shi ne ɗalibanmu su shiga ayarin a matsayin ɗalibai, su bi ƙashin har ɗakin bincike, su dawo da digiri, a ba su wurin aiki a gida. Kawu ya rasu bai ga haka ba. Ni dai ina so ranar da zan kai jikana kallon Jobaria, mu tafi da ƙafa, kuma wanda zai yi mana bayani ya zama ɗan unguwarmu.