Hoton Dattijo Mai Alkyabba: Wane Ne A Zaune?



Da kwamitin bikin cikar shekara ɗari ya nemi kowane gida na masu riƙe da sarautun fada ya kawo hoton magabacinsa, mu ba mu yi wata shawara ba. Akwai hoto a zaurenmu na Birnin Ƙonni wanda muka tashi muka tarar: dattijo a zaune, da rawani da alkyabba, da tasbaha a hannu. Iyayenmu sun ce kakan mahaifinmu ne, wanda ya ga shigowar Bule da Shanuwan a watan Mayu na 1899, lokacin da suka ƙone birni suka hallaka jama'a, ya kuma rasu a yunwar Kakalaba, wato 1913 zuwa 1914. Sai ƴan'uwanmu na ɗaya ɗakin suka ce a'a, ƙanensa ne, kakansu, wanda ya gaji rawanin bayansa.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan ƙaramar gardama ce. A Nijar, sai wanda ya tabbatar da asalinsa daga gidan sarauta ke tsayawa neman rawani, kuma sunan da aka buga ƙarƙashin hoto a littafi irin wannan, jikoki za su riƙe shi hujja gobe.

Da fari zancenmu yana da ƙafar tsayawa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100 daga birnin, Ƙonni kuwa tana cikinta. Sai yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gyara iyaka, ƙasar ta koma hannun Faransa. Daga nan tawagar Kyaftin Tilo ta bi iyakar tana kafa alamu, tana rubuta tarihin garuruwa, tana ɗaukar hotuna. Ke nan mutumin da ya kai 1913 da rai yana iya zama gaban na'urar Nasara.

Amma abin da ke rataye a zaure kwafi ne da wani mai hoto ya faɗaɗa daga baya. Na asalin mun same shi a Malbaza, cikin adakar wani baffanmu da ya yi aiki a masana'antar siminti, Allah ya jiƙansa. Bai fi tafin hannu ba. A nan muka ga abin da mai faɗaɗawa ya yanke: yara biyu tsaye a dama da dattijon, da wani mutum cikin kakin soja a hagunsa.

Bayan takardar an buga ta kamar katin wasiƙa, da layi a tsakiya, gefe guda na saƙo, gefe guda na adireshi. Faransa ba ta soma aiki da irin wannan kati ba sai wajen 1904. Wannan bai raba gardama ba. Zanen fuska ma bai raba ba, tunda wa da ƙane aska ɗaya ta yi musu.

Ƙirjin sojan ne ya yi magana. Da muka sa gilashin ƙara girma, sai ga lambar yabo mai reshe huɗu, da takubba biyu gicciye a tsakiyarta. Wannan ita ce lambar jarumtar yaƙi da Faransa ta ƙirƙiro a watan Afrilu na 1915, tana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kuma ba sojojin Afirka da dama da suka yi mata yaƙi. Ba a rataya lambar da ba a ƙera ba tukuna. Wanda aka binne a Kakalaba kuwa ba ya zama kusa da mai ɗauke da ita. Na daɗe ina juya hoton nan, in faɗi gaskiya, ina neman hanyar da zancen iyayenmu zai tsira. Ban samu ba.

Saura sanin ƙarshen lokacin, domin an sake ba da lamba mai wannan siffa a yaƙin 1939 zuwa 1945. Sai muka kai hoton Illela wurin wata gwaggonmu da ta haura shekara 80. Ba mu gaya mata kome ba, muka miƙa mata. Ta duba, ta aza yatsa kan ƙaramin yaron, ta ce, "Wannan ai Baba ne, ga kunnensa nan da doki ya ciza." Mahaifinta, kamar yadda gidan duka ya sani, an haife shi shekarar da Kawsan ya kewaye Agadas, wato ƙarshen 1916 zuwa farkon 1917. Yaron da ke hoton bai wuce shekara goma ba, bai kuma gaza takwas ba. Lissafi ya kai mu tsakanin 1925 da 1927, daidai zamanin da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. A lokacin, ƙanen ne ke riƙe da rawani. Ƴan'uwanmu sun fi mu gaskiya.

Gwaggo ta ƙara mana abu guda da ba mu je nema ba. Sojan nan, in ji ta, ɗan fari ne na marigayi wan, wanda aka ɗauka soja bayan rasuwar mahaifinsa, ya dawo ya zauna hannun baffansa. Shi ne kakana, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, don almakashin mai hoto ya fitar da shi daga zaurenmu shekara da shekaru.

Dattawan ɗakunan biyu sun zauna gaban Mai Martaba, suka amince a buga hoton cikakke, ba yanke, da sunan kowa a ƙarƙashinsa, da shekarun 1925 zuwa 1927. Gurbin hoton wan kuwa an bar shi da sunansa kawai da addu'a. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya haskaka kabarinsu, amin.