Daga Gwandu Zuwa Aliero: Asalin Ambaton Madogara a Kundin Bincike

A shekarar 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wani ɗan ƙaramin littafi mai suna Ida'un Nusukhi. A cikinsa ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu, tun daga mahaifinsa wanda ya koya masa Alƙur'ani, zuwa yayansa Shehu Usmanu, zuwa Malam Jibrilu ɗan Umar, ya kuma faɗi littattafan da ya karanta a gabansu. Manufarsa a fili take: duk wanda zai ɗauki ilimi daga hannunsa ya san inda ilimin ya fito. Haka ya yi a tafsirinsa, Diya'ut Ta'wili, inda yake jingina magana ga magabata irin su Baidawi da Ibnul Arabi. A wannan al'ada, darajar malami tana rataye da amanarsa wajen mayar da kowace magana ga mai ita.

Shekara biyu kafin wannan littafi, a 1810, aka kafa Jami'ar Balin a ƙasar Jamus bisa tunanin Wilhelm von Humboldt, wanda ya ga cewa koyarwa da bincike ba sa rabuwa. Daga irin wannan jami'a ne digirin dakta na zamani ya bunƙasa, da sharaɗin ɗalibi ya kawo abin da ba a sani ba a da, ya rubuta shi, ya kare shi a gaban masana. Jami'ar Yale ta Amurka ta fara ba da shi a 1861, Oksfod ta Ingila ta karɓe shi a 1917. Tsarin ya iso Nijeriya ta Kwalejin Jami'a ta Badun, wadda aka buɗe a 1948, ya hauro Zariya a 1962, sannan Sakkwato a 1975.

A Badun ne al'adun biyu suka fara haɗuwa a kan tarihin wannan yanki. Murray Last, ƙarƙashin kulawar H. F. C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya gina kundinsa na dakta a kan Daular Sakkwato da rubuce-rubucen Larabci na malaman jihadi, musamman waɗanda ke taskar Waziri Junaidu. Aikin ya fito a matsayin littafi a 1967. Abin lura shi ne, da malaman ƙarni na sha tara ba su saba rubuta sunayensu da na malamansu da shekarun kammala littattafansu ba, da mai binciken zamani bai sami abin dogaro ba.

Bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, gwamnatin Muhammad Adamu Aliero ta kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a garin Aliero a 2006. Daga baya aka raɗa mata sunan Abdullahi Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, masarautar da Aliero da Jega da Maiyama suke cikinta. Ɗalibin ajin ƙarshe a wannan jami'a, kamar takwarorinsa a sauran jami'o'in ƙasar, ba ya fita sai ya rubuta kundi, galibi mai babi biyar: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin gudanar da bincike, sakamako, sai kammalawa.

Idan aka duba wannan tsari da idon tarihi, za a ga gado biyu a cikinsa. Babi na biyu da jerin manazarta su ne Ida'un Nusukhin ɗalibi, domin a nan yake faɗin waɗanda ya ɗauko daga gare su da kuma inda suka tsaya. Babi na uku da na huɗu kuwa su ne bukatar jami'ar zamani: me ya ƙara, ta wace hanya, kuma wani zai iya bin sawunsa ya tarar da abin da ya tarar? Shi ya sa tsara kundi yake farawa da tambaya ƙarama wadda za a iya amsawa cikin zango ɗaya ko biyu. Yankin kuma bai rasa irin waɗannan tambayoyi ba. Aliero ta shahara da noman albasa da sana'ar ɗori, Jega kuma da kasuwa da fadama. Ɗalibin da ya auna yawan albasar da ke ruɓewa a ma'ajiyar gargajiya daga girbi zuwa faɗuwar damina ya fi amfanar manomi fiye da wanda ya ɗauko take mai faɗin duniya ya cika shi da maganar wasu.

Barazanar da ke fuskantar wannan gado a yau sananniya ce a jami'o'in Nijeriya: sayen kundi a shagunan buga takardu, kwafo aikin wani daga intanet, da miƙa wa manhajar kwamfuta aikin tunani. Wanda ya yi haka ya karya sharuɗɗan biyu a lokaci guda, don bai faɗi inda ya ɗauko ba, bai kuma ƙara kome ba. Asarar ba ta tsaya a kansa ba. Kundin da aka ƙaga alƙalumansa yana shiga ɗakin karatu, na baya su dogara da shi, ƙarya ta haifi ƙarya.

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a 1829, amma har yau ana iya bin sawun karatunsa malami bayan malami, littafi bayan littafi. Ɗalibin da ke rubuta kundi a jami'ar da ke ɗauke da sunansa, da wannan ma'auni za a gwada shi: ko wanda ya buɗe aikinsa bayan shekara hamsin zai iya gane abin da ya gada da abin da ya gano.