Manhajar Waya da Bibiyar Ciwon Gaɓoɓi na Rumatoyid: Me Ya Rage Zuwa Asibiti?

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin iƙirarin cewa manhajar waya ce ke rage wa masu rumatoyid yawan zuwa asibiti. An kwatanta bincike uku, aka gano cewa buɗe wa majiyyaci ƙofar asibiti ma yana rage zuwan, don haka ba za a jingina ragin ga manhaja ita kaɗai ba.

Gabatarwa

Rumatoyid cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓoɓi, musamman na yatsu da wuyan hannu, dama da hagu a tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 18 ne ke fama da ita a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Ciwon yakan tashi ya lafa, likita kuwa sai bayan watanni yake ganin majiyyaci. Matar da ta yi mako guda tana tashi da yatsu a sandare, ba ta iya matse wanki ko murɗa murfin kwalba, idan ranar asibiti ta same ta ciwo ya lafa, "da sauƙi" za ta ce, kuma abin da za a rubuta ke nan. Wannan giɓin ake son manhaja ta cike.

Dabarun bincike

An ɗauki ayyuka uku da aka riga aka wallafa, aka duba abin da aka ba majiyyata a kowanne da abin da aka auna.

Sakamako

Masu yabon manhaja sun fi kafa hujja da gwajin Seppen da abokan aikinsa (2022) a cibiyar Reade ta Amsterdam. Majiyyata 103 waɗanda ciwonsu ya lafa aka raba gida biyu. Rukuni ɗaya yana cike ma'aunin RAPID3 a waya duk mako, wato zafin ciwo, iya hidimar yau da kullum, da yadda mutum ke jin jikinsa gaba ɗaya. Bayan wata 12 makinsu a ma'aunin ƙarfin ciwo na DAS28 bai fi na sauran muni ba, zuwa wurin likita kuma ya ragu da kashi 38.

Sakamako ne mai kyau, amma abu biyu aka ba rukunin nan a haɗe: manhaja, da ikon neman ganin likita da kansu a madadin ranakun da aka saba yanka musu. A nan ne aikin Hewlett da abokan aikinta (2005) a Bristol ya zama abin dubawa. Shekara shida suka bi majiyyata da aka ba damar kiran asibiti idan jiki ya motsa, tun kafin wayar zamani ta bazu. Su ma zuwansu asibiti ya ragu da kashi 38, ba tare da lafiyarsu ta taɓarɓare ba. Daidaituwar alƙaluman na iya zama katari ne, amma ta isa ta hana mu jingina ragin ga manhaja ita kaɗai.

Amfanin manhaja na haƙiƙa ya fito a binciken REMORA na Jami'ar Manchester (2020), inda majiyyata 20 suka yi wata uku suna shigar da alamun ciwonsu kullum, bayanan suna zarcewa fayil ɗinsu na asibiti. Likita da majiyyaci sukan dubi zanen bayanan tare, su ga tashin ciwon da aka manta.

Iyakokin bincike

Ayyuka uku ne kawai, duk a Turai, kuma tsarinsu ya sha bamban. Gwajin Amsterdam bai shafi wanda ciwonsa ke kan ganiya ba. Waya kuma ba ta taɓa gaɓa ta ji kumburi, ba ta gwada jinin mai shan maganin methotrexate.

Shawara

Asibitin da ke shirin kawo manhaja ya fara ware ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa duba bayanan, da lambar da majiyyaci zai kira a ba shi rana cikin gaggawa.