Daga Sarki Zeno Zuwa Allon Waya: Tarihin Bakgamon da Rigimar Sa'a da Iyawa



Duk wanda ya taɓa buga bakgamon a waya ya san ƙorafin da ya fi yawa a bakinmu: "Manhajar nan maguɗi take yi, kullum sai ta ba abokin karawata jifa mai kyau." Wannan ƙorafi ya girmi waya nesa ba kusa ba. A wannan makon za mu bi tarihin wasan ne, mu ga yadda aka yi ɗaruruwan shekaru kafin a iya raba abin da sa'a ta kawo da abin da mutum ya jawo wa kansa.

Ga wanda bai san shi ba, wasa ne na mutum biyu a kan allo mai gida 24. Kowa yana da 'ya'ya 15, kuma ana jefa dayis biyu, irin ƙwayar nan mai fuska shida ta ludo. Wanda ya riga kai 'ya'yansa gida ya fitar da su shi ya ci. Ɗan da ya tsaya shi kaɗai ana iya cinye shi a mayar da shi farko, amma in suka zama biyu a gida ɗaya ba mai taɓa su.

Wasannin tsere da jifa sun daɗe a duniya. A haƙan da Leonard Woolley ya yi a tsohon birnin Ur na ƙasar Iraƙi a shekarun 1920, an tono allunan wasa da aka yi wajen shekara 2600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Amma wanda ya fi kama da namu shi ne tabula na Rumawa, mai gida 24 da 'ya'ya 15, sai dai su dayis uku suke jefawa. Wajen shekarar 480, Sarki Zeno na Rumawan Gabas yana cikin wasa, 'ya'yansa suna tsaye da kyau, sai ya jefa 2 da 5 da 6. Ƙa'ida ta tilasta masa ya wargaza gidajensa, ya wayi gari da 'ya'ya takwas kowanne shi kaɗai. Marubuci Agathias ne ya adana labarin, shi ya sa har yau ana iya jera allon yadda yake a ranar. To, kun ga kukan mugun jifa bai bar ko sarki ba.

A Farisa sunansa nard. Tsohon labarinsu ya ce a zamanin Sarki Kisra Anushirwan, wanda ya yi mulki daga 531 zuwa 579, Indiyawa sun aiko da wasan shaɗaranji don gwada basirar fada. Waziri Buzurjmihr ya gano sirrinsa, sannan ya mayar musu da nard. Labari ne na gargajiya, amma fassarar da masanan baya suka yi wa allon abin lura ce: gida 24 awannin kwana, 'ya'ya 30 kwanakin wata, dayis kuma abin da ɗan Adam ba shi da iko a kansa. Daga nan ya bazu, Larabawa suna ce masa ɗawula, Turkawa tavla.

Tun farko caca ta manne wa wasan, kuma hukumomi ba su ƙyale shi ba. Hani a kan nard ya zo a hadisi cikin Sahihu Muslim, kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan haramcinsa. Wannan fagen malamai ne, mai neman hukunci su zai tambaya. A Faransa ma Sarki Louis na Tara ya hana jami'ansa shi a 1254. Duk da haka, a 1283 Sarki Alfonso na Goma a Sifen ya sa an rubuta littafin wasanni mai ɗauke da nau'o'insa da dama. Sunan bakgamon kuwa a Ingila ya bayyana a ƙarni na 17, kuma Edmond Hoyle ya wallafa littafin ƙa'idojinsa a 1743.

Babban sauyi ya zo a New York a shekarun 1920, lokacin da aka shigo da ƙwayar ninki, mai lambobi 2, 4, 8, 16, 32 da 64. Wanda ya ga yana gaba yana iya cewa a ninka makin wasan. Abokin karawarsa ko ya karɓa, ko ya miƙa wuya ya ba da maki ɗaya. A nan lissafi ya shigo. Mu ɗauka sau huɗu aka ninka maka, kuma damar cinka ɗaya ce cikin huɗu. In ka ƙi duka, ka rasa maki 4. In ka karɓa, ka faɗi uku ka rasa 6, ka ci ɗaya ka samu 2, asararka 4 ɗin dai ce. Ke nan muddin damarka ta wuce kashi 25 cikin 100, karɓa ta fi, in ba ana tsoron a yi maka cin ninki ba. Mai bin zuciya ba zai taɓa yarda ya karɓi wasan da yake baya ba, alhali lissafi ya ce ya karɓa.

An yi gasar duniya ta farko a Las Vegas a 1967, Tim Holland ya ci. A 1976 Paul Magriel ya fitar da littafin da ya zama jagoran masu koyo. Sai ga abin mamaki a Monte Carlo a 1979: Luigi Villa ɗan Italiya ya zama zakaran duniya, washegari manhajar BKG 9.8 ta Hans Berliner ta doke shi da ci 7 da 1. Karo na farko ke nan da kwamfuta ta kayar da zakaran duniya mai ci a wani wasan allo. Amma Berliner da kansa, bayan ya duba wasannin, ya amsa cewa Villa ya fi manhajarsa iya wasa, dayis ne suka tsaya mata. Hausawa sun ce sa'a ta fi sammako, kuma a wasa ɗaya ko biyar gaskiya ne. Darasin shi ne, sakamako kaɗai ba ya nuna wa ya fi wa.

A 1992 Gerald Tesauro na kamfanin IBM ya fito da TD-Gammon. Barinta aka yi tana karawa da kanta, tana gyara hasashenta bayan kowane motsi. Nau'in 1993 ya buga wasa wajen miliyan ɗaya da rabi, ya kusa kamo manyan 'yan wasan duniya. Har ta ƙaryata abin da aka daɗe ana koyarwa. Misali, in aka buɗe wasa da 4 da 1, gwanaye sukan ajiye ɗa shi kaɗai a gida na biyar, da fatan rufe shi a jifa na gaba. Ita kuwa sai ta raba 'ya'yanta biyu na can baya. Da aka gwada aka ga ta fi su gaskiya, suka bar tsohuwar hanyar.

A wannan shekara ta 1992 aka buɗe FIBS, dandalin farko na buga wasan ta intanet. Manhajoji irin su Jellyfish, Snowie, GNU Backgammon da eXtreme Gammon suka biyo baya, suna auna kowane motsi suna nuna girman kuskurensa. Yanzu da yawan kuskure ake auna gwani, ba da yawan cinsa kaɗai ba. Kuma ilimin ya daina zama na 'yan kulob ɗin New York: Masayuki Mochizuki ɗan Japan ya ci kambun duniya a 2009, Akiko Yazawa ta ci a 2014 da 2018.

To me wannan tarihi ya bar mana, mu masu bugawa a waya?

Na farko, mu san lissafin dayis. Jifa 36 ne kacal ke iya fitowa. In babu abin da ya tare hanya, ɗan da ke nesa da abokin gaba da gida ɗaya jifa 11 ne ke cinye shi, mai nisan gida shida jifa 17, mai nisan bakwai kuwa 6 kawai. In dole ne mu bar ɗa shi kaɗai, gida ɗayan nan tsakanin shida da bakwai ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu, mu riƙa ƙirga tazara. Kowa yana farawa da taku 167 kafin ya fita. Wanda ke gaba ya nemi tsere, wanda ke baya ya tsaya ya tare hanya. Yawancin faɗuwarmu daga gudu ne a inda ya kamata a tsaya.

Na uku, mu duba wasa bayan an gama, har wanda muka ci. GNU Backgammon kyauta ce. Laifi tudu ne, mukan taka namu mu hango na dayis. Mukan tuna 6 da 6 ɗin da ta kashe mu, mu manta ɗan da muka bari a fili jifa uku kafin nan.

Zeno bai da hanyar sanin ko akwai motsin da zai yi tun da farko ya kauce wa abin da ya same shi. Mu muna da ita a aljihu. Kafin mu sake cewa manhaja ta yi maguɗi, mu buɗe wasan jiya mu ƙirga namu kurakuran.