Sunayen Thomas Cranmer: Wanda Ya Ɗauka da Wanda Aka Ɗora Masa

Ana kiran Thomas Cranmer uban cocin Anglikan, amma da za a ce masa "ɗan Anglikan" a zamaninsa, da bai gane ana nufin wata ɗarika ba. A lokacin, kalmar siffa ce kawai a harshen Latin, ma'anarta "ta Ingila". Anglicana Ecclesia na nufin ikilisiyar ƙasar Ingila, kuma sunan ya girmi Cranmer nesa ba kusa ba. Yana cikin yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, lokacin da cocin ke ƙarƙashin Fafaroma ba tare da gardama ba. Da majalisar dokoki ta yi dokar 1534 wadda ta mayar da Sarki Henry na Takwas shugaban ƙoli na cocin, wannan tsohon sunan ta sake rubutawa. Da gangan aka yi haka. Masu dokar suna cewa ne ba sabon coci suka kafa ba, tsohon ne, mai jan ragamarsa kawai aka sauya. Sai a ƙarni na 19, bayan cocin ya bazu zuwa Amurka da Afirka da Asiya, har ya zama "cocin Ingila" bai dace da bishop na wata nahiya ba, sannan Anglikan ya tsaya a matsayin sunan ɗarika. Taron bishop-bishop na farko a Lambeth a 1867 aka yi shi.

Sarautar da Cranmer ya riƙe, wato Akbishop na Kantabari, ita ma tsohuwa ce. Akbishop daga Girkanci ya fito: episkopos mai sa ido ne, gaɓar farko kuma tana nufin babba, wato babban mai sa ido. Kantabari kuwa a tsohon Turanci na nufin birnin mutanen Kent, inda Augustine, manzon Fafaroma Gregory, ya sauka a shekarar 597. Shi ya sa kujerar take can ba a Landan ba. An daɗe ana jayayya tsakanin Kantabari da York kan wane ne gaba, har aka raba gardamar a ƙarni na 14 da kalma guda: na York shi ne jagoran bishop-bishop na Ingila, na Kantabari kuma jagoran bishop-bishop na dukkan Ingila. Har yau haka laƙabin yake.

An haifi Cranmer a 1489 a ƙauyen Aslockton, ya yi karatu da koyarwa a Cambridge. Abin da ya kai shi fada shi ne neman da sarki ke yi na warware aurensa da Catherine ta Aragon. Ranar 30 ga Maris 1533 aka naɗa shi, da takardun amincewar Fafaroma Clement na Bakwai. Naɗin yana buƙatar rantsuwar biyayya ga Rum, sai Cranmer ya riga ya furta gaban shaidu cewa rantsuwar ba za ta ɗaure shi ga saɓa wa sarki ko dokar ƙasa ba. A ganina wannan tabo ne, kuma masoyansa ba su da dalilin ɓoye shi. Kafin wata biyu su cika ya yanke hukuncin cewa auren sarki bai ɗauru ba tun asali.

Daga nan sunayen suka fara motsi. Magabatansa suna amsa laƙabin wakilin kujerar Fafaroma. A 1534 ya ajiye shi. Stephen Gardiner, bishop na Winchester kuma abokin hamayyarsa, ya ce to ai laƙabin jagoran dukkan Ingila ma yana rage wa sarki girma. A wasiƙar da Cranmer ya aika wa Thomas Cromwell, ministan sarki, a 1535, ya ce laƙabi bai fi masa ɓawon tuffa daraja ba, sai dai in zai taimaka wajen yaɗa maganar Allah. Duk da haka bai saki laƙabin ba.

Inda ya fi nuna cewa ya san nauyin kalma shi ne littafin addu'a. Kafin shi, da Latin ake yin ibada, firist yana karantawa, jama'a na kallo. Littafin da ya fito a 1549, zamanin Sarki Edward na Shida, da Turanci yake, kuma sunansa yana nufin addu'ar da kowa ke da rabo a ciki, firist da manomi, kudu da arewa, lafazi ɗaya. A bugun farko ya kira babbar ibadar Jibin Ubangiji, ya ƙara da cewa ita ce wadda aka saba kira Mas. A bugun 1552 sunan Mas ya ɓace gaba ɗaya. Bagade ma ya koma tebur. Wannan ba gyaran salo ba ne. Bagade wurin miƙa hadaya ne, tebur wurin cin abinci tare ne, kuma dukan saɓanin da ke tsakaninsa da Rum kan ma'anar gurasa da ruwan inabi yana cikin waɗannan kalmomi biyu. Ya bar kalmar firist, ya bar bishop, abin da ya sa masu son sauyi mai zafi suka ga bai isa ba, masu riƙo da tsohuwar hanya kuma suka ga ya wuce gona da iri.

Kuma "kowa" ɗin nan bai haɗa kowa ba. A 1549 mutanen Devon da Cornwall suka yi tawaye, wasu daga Cornwall suka ce su ba sa jin Turanci, suna da harshensu. Cranmer ya amsa musu cewa ai Latin ma ba sa ji. An murƙushe tawayen da kisan dubbai. Mutumin da ya kafa hujjarsa kan cewa kowa ya roƙi Allah da harshen da yake fahimta, ya kasa ganin hujjar a bakin wasu.

Da Sarauniya Mary, 'yar Catherine, ta hau mulki a 1553, sai tsohon naɗin ya dawo masa ta wata fuska. Tun da da takardun Fafaroma aka naɗa shi, Rum ce kaɗai ke da hurumin tuɓe shi, don haka shari'arsa ta ja lokaci fiye da ta abokan aƙidarsa Latimer da Ridley, waɗanda aka ƙone a Oktoban 1555. Ranar 14 ga Fabrairu 1556 a Oxford aka sa masa kwaikwayon tufafin sarauta na tsumma, aka riƙa tuɓe su ɗaya bayan ɗaya, aka aske kansa, aka kankare yatsunsa inda aka taɓa shafa masa mai. Cikin tsoro ya sa hannu a takardun tuba da dama. Ranar 21 ga Maris, a gaban taro, ya janye su duka, da aka kai shi wurin ƙonewa kuma ya fara miƙa hannun daman da ya sa hannu da shi cikin wuta. Kotu ta kira shi ɗan bidi'a. John Foxe ya saka shi cikin shahidai a littafinsa na 1563. Washegarin mutuwarsa aka naɗa Reginald Pole a kujerarsa.

Cocin Anglikan ya iso ƙasar Hausa ta hannun 'yan mishan na CMS, waɗanda suka zauna a Wusasa kusa da Zariya, shi ya sa tsofaffi da yawa ke cewa cocin CMS maimakon Anglikan. A 1979 cocin Najeriya ya zama lardi mai cin gashin kansa, Timothy Olufosoye ya zama akbishop na farko. A 2005 kuma ya gyara tsarin mulkinsa, ya cire ambaton kujerar Kantabari a matsayin ma'aunin zumunci, ya kafa ma'aunin a kan koyarwa, ciki har da littafin addu'a na 1662 da Ƙa'idoji 39, waɗanda duka biyun daga aikin Cranmer suka samo tushe.