Ƙaramar Hukumar Funtuwa: Yadda Aka Kafa Ta, Yadda Aka Yanyanka Ta

Tun kafin a san wata aba wai ita ƙaramar hukuma, ƙasar Funtuwa gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Katsina. Hakiminta shi ne Sarkin Maska, sarautar da ta samo suna daga tsohon garin Maska, wanda ya girmi Funtuwa nesa ba kusa ba. Auduga da jirgin ƙasa ne suka juya lamarin. Da Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Zariya zuwa Gusau da Ƙaura Namoda, suka kuma kafa injin gurzar auduga, sai 'yan kasuwa da leburori suka yi ta kwararowa, har mazaunin hakimi ya dawo Funtuwa.

A 1976 gwamnatin soja ta Obasanjo ta rushe tsarin En'e, ta raba Najeriya zuwa ƙananan hukumomi 301. Funtuwa, wadda a lokacin take cikin Jihar Kaduna, ta fito da ƙasa mai faɗin gaske: Bakori, Danja, Faskari, Dandume da Sabuwa duk nan suke kawo kukansu. Manufar da aka faɗa wa jama'a ita ce gwamnati ta matso kusa da talaka, ya zaɓi kansilansa, ya ga inda harajinsa yake zuwa.

A ganina, abin da ya fi sauya rayuwar ƙauyukan nan a wancan zamani shi ne shirin noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970, ɗaya daga cikin guda uku na farko a ƙasar, tare da na Gusau da na Gombe. Shi ya kawo takin zamani da ingantaccen iri, ya buɗe hanyoyin karkara, ya ajiye malaman gona kusa da manomi. Masara, wadda a da ake shukawa a bayan gida don gashi, ta koma amfanin gona na sayarwa. Duk wanda ya ga manyan motoci suna lodin hatsi a kasuwar Dandume ya ga gadon wannan shiri.

Sai 1979, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali. Talaka ya huta, kuma hutun ya cancanta, domin an sha cin zarafinsa a kan kuɗin nan. Sai dai tun daga nan ƙaramar hukuma ta zura ido ga kason da ke zuwa daga tarayya.

An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, yanka kuma ya biyo baya. Tsakanin mulkin Babangida da na Abacha, garuruwan nan biyar kowanne ya sami ƙaramar hukumarsa, jihar ta kai 34 a 1996. Kowa ya yi murna da sakatariya da ciyaman ɗan gida. Amma kuɗin da ke zuwa daga tarayya sai sun bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma abin da ke isowa sau da yawa albashi ne ke cinye shi. Shi ya sa har yau akwai ƙauyukan da mai naƙuda ba ta da hanyar zuwa asibiti da damina sai a kan babur.

Yanzu ga matsalar 'yan bindiga ta addabi Faskari da Sabuwa da Dandume, manoma da dama sun bar gonakinsu sun taru a cikin Funtuwa, garin da gumin kakanninsu ya gina. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Mutumin Maska zai yarda da hukuncin ne ranar da ya ga gireda tana gyaran hanyar da zai fitar da masararsa.