Yadda Mota Ta Shiga Dajin Kruger

Da Disamba ta kama a Afirka ta Kudu, makarantu sun rufe, damina ta zauna, sai motoci su yi jerin gwano a babbar hanyar da ta tashi daga Pretoria ta nufi Mbombela. Cikinsu har da baƙi daga Turai da Amurka, waɗanda suka gudo wa sanyi, suka yi hayar mota don su ci Kirsimeti a gandun dajin Kruger. Lokacin ne barewa ke haihuwa, ciyawa ta yi shar, giwaye na tsallaka kwalta ba ruwansu da kowa. Doka ta hana direba ya wuce gudun kilomita 50 a awa, kuma dole ya koma masauki kafin a rufe ƙofa da magariba. Wannan al'ada tana burge ni ƙwarai, shi ya sa nake so a san asalinta.

A ƙarshen ƙarni na 19 dajin ya kusa zama kango. Mafarauta sun yi wa namun daji kisan kiyashi, sannan ciwon bushiya, wanda ya riga ya karkashe shanun Fulani a ƙasarmu, ya isa can a 1896 ya kwashe ɓauna. A 1898 gwamnatin Paul Kruger ta keɓe ƙasar da ke tsakanin kogin Sabie da na Crocodile. Bayan yaƙin Turawan Boer da Ingilishi, a 1902 aka damƙa wurin ga wani soja, James Stevenson-Hamilton, wanda ya riƙe shi har 1946.

Manoma da masu haƙar ma'adinai sun daɗe suna kwaɗayin ƙasar, suna ganin ajiye ta don zaki da kura asara ce. Abin da ya cece ta shi ne 'yan kallo. A 1923 jirgin ƙasa ya fara tsayawa da masu yawon buɗe ido a gadar Sabie, aka ga yadda mutane ke ɗokin ganin dabba da ranta. A 1926 majalisa ta mai da dajin mallakar ƙasa, a 1927 motoci uku kacal suka shiga. Daga nan aka shiga sharar hanyoyi da gina ɗakunan kwana zagayayyu masu jinka, kamar bukkokin ƙauyukanmu. A wancan zamani ma zuwa a Disamba ba ya yiwuwa sai a yankin Pretoriuskop, domin zazzaɓin cizon sauro da lalacewar hanya sukan sa a rufe sauran dajin duk damina.

Sai dai dajin nan da masu shi. Tun farkon aikinsa Stevenson-Hamilton ya tashi iyalai baƙar fata daga gidajensu. Baƙaƙen ne suka haƙa hanyoyin, su ne masu sintiri a ƙafa cikin zakoki, amma a zamanin wariyar launin fata ɗan ƙaramin sansanin Balule aka ware musu idan sun zo kallo. A 1969 aka kori al'ummar Makuleke daga Pafuri, can arewa kusa da kogin Limpopo, aka ƙone gidajensu. Wannan zalunci ne, kyan dajin ba zai wanke shi ba.

A 1998 aka mayar wa Makuleke ƙasarsu. Suna da ikon cewa sai sun koma noma, amma suka yarda a bar ta ga namun daji, a gina masaukin baƙi, su riƙa samun rabonsu da aikin yi. Duk wanda Allah ya nufa da wannan tafiya, ina roƙonsa kada ya tsaya a kudu wajen zakoki kawai. Ya daure ya kai Pafuri, ya kwana a ƙasar mutanen nan, kuɗinsa ya shiga hannunsu, ya ji tarihin daga bakinsu.